Na Mayar Da Sha Bakwai Sha Tara

Lalla Zuhur, don girman Allah ki taimake ni kafin Litinin, na rasa inda zan sa kaina.

Shekarata shida ina aiki a wata cibiyar ƙididdiga a Rabat. Bana aka ba mu binciken lafiyar iyali na ƙasa baki ɗaya, ni aka ɗora wa fitar da ƙauyukan da za a shiga a yankin duwatsu. Ƙauyuka dubu da ɗari biyu ne a jerinmu, talatin kawai za a je, su tsaya a madadin saura. Ana jera su yadda suke maƙwabtaka, a sami lambar farawa, daga nan a riƙa ɗaukar kowane na arba'in. Lambar farawar kuwa ba mai ikon zaɓenta. Shugabanmu, Si Bu'azza, a gaban kowa yake zaro takardar dirhami ashirin daga aljihu, ya karanta lambobinta biyu na ƙarshe, a rubuta, a sa takardar a ambulan a liƙe. Sha bakwai ce ta fito.

Na duba jerin. Na sha bakwai Agudal ne. Na sha tara Tazrut, garinmu. Biyu kacal, Lalla!

Yayata Tuda a kan alfadari ta rasu, shekara huɗu ke nan. Naƙuda ta zo da gardama, aka ɗora ta za a kai ta asibiti, ƙanƙara ta rufe hanya, ba su kai bakin kwalta ba. Tun daga nan duk zuwan da na yi sai Inna ta dube ni ta ce ashe ni ce mai ƙirga mutanen ƙasa, to su na Tazrut awaki ne? Wallahi maganar nan ce ta yi ta yawo a kaina ranar. Na goge bakwai na sa tara. Ƙauyuka talatin ɗin nan duk suka gusa, Tazrut ya shigo. Don wauta kuma a ranar na buga wa Inna waya na ce masu bincike na tafe. Ta baza wa gari, liman ya yi sanarwa bayan Juma'a, an ware gyaɗar dutse da zuma don baƙi, mata har sun fara tsara abin da za su faɗa.

Yanzu ga Si Mubarak, mai duba aikinmu, mutumin da ko ɗigo ba ya bari ya wuce. Ya ce Litinin da safe, kafin motocin masu bincike su tashi, zai buɗe ambulan ya maimaita zaɓen da hannunsa. Jiya ya tare ni a bakin ofis yana tsokana, wai 'yar dutse ta rame, ko lambobi ne suka fi ƙarfinta. Na yi dariya na wuce.

Zan iya cewa yatsana ne ya zame, kowa zai yarda. Amma Si Bu'azza shi ya ɗauke ni aiki lokacin da ba wanda ya san ni, ya zan dube shi in yi masa ƙarya? In na faɗi gaskiya kuma ƙila aikin ya tafi. Wani lokacin ma sai in ji haushi ya kama ni: ƙauye na ƙirƙira? Tazrut ba a ƙasar nan yake ba? Me zan yi, kuma me zan ce wa Inna?

'Yar Kan Dutse, Rabat

'Yata, Allah ya jiƙan Tuda, ya ba Inna haƙuri. Ban ɗauke ki marar gaskiya ba. Wadda ta shirya yin ƙarya ba ta rubuto mini wasiƙa irin wannan.

Amma kin yi laifi, kuma kin fi ni sanin girmansa. Ba don wasa Si Bu'azza ke zaro takardar nan a gaban jama'a ba, yana yi ne don kada son zuciyar kowa ya taɓa zaɓen, har da nasa. Yau ke kika gusa shi saboda 'yar'uwarki, gobe wani zai gusa shi saboda ƙauyukan bakin kwalta sun fi sauƙin zuwa. Kin san kuwa in aka fara haka, ku na kan dutse ne za ku fara faɗuwa daga jerin.

Batun zamewar yatsa, ki bar shi. Ki sami Si Bu'azza gobe, kafin a buɗe ambulan, ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, ki miƙa masa jerin sha bakwai a shirye. Motoci ba su tashi ba, ba a shiga gida ko ɗaya ba, gyaran bai wuce na yini guda ba. Zai yi fushi, yana da hakki. Ba zan yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba, amma in Si Mubarak ne ya gano, ba ki da bakin magana ko kaɗan.

Haushinki kuma yana da tushe. In kina ganin talatin sun yi wa yankin duwatsu kaɗan, ki rubuta hujjarki ki kai taro da sunanki, ki nemi a ƙara.

Inna ce mai wuya. Kada ki yi mata waya, ki hau mota ki je. Ki gaya mata ba za a zo Tazrut ba, ke kika yi gaggawar faɗa. Sannan ki tambaye ta ko ta san wata mace a Agudal da ta rasu a kan wannan hanyar. Ina jin za ta kira miki suna fiye da ɗaya. Iyayensu kika cire daga jerin, 'yata, kuma abin da za su faɗa wa masu bincike shi ne abin da Inna za ta faɗa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya gobe, ya kai ki Tazrut lafiya.

Lalla Zuhur