Fom Ɗin da Na Cike wa Eldrid

Laraba, 30 ga Oktoba. Alesund.

Ta amsa. Kalma biyu Eldrid ta turo: "To, Baba." Na karanta su ya fi sau goma, har kofina ya huce. Mako guda cur ni da 'yata a jirgin ruwa na alfarma, a tsibiran Seychelles, daga mu sai ma'aikata biyar. Shekara tara rabonmu da kwana a gida ɗaya, tun jana'izar uwarta. Ita tana Tromso, can arewa mai ƙanƙara, ni ina nan, waya sau biyu a shekara, ita ma zancen ruwan sama muke yi.

Shekara arba'in ina ƙera wa masu hannu da shuni jirage, ban taɓa miƙe ƙafa a cikin ko ɗaya ba. Yanzu na sayar da ma'aikatar, lokacina ne. Maƙwabcina Oddvar cewa ya yi, "Tsoho da kai za ka je rana ta gasa ka kamar kifi." Hassada ce kawai.

Alhamis, 31 ga Oktoba.

Masu jirgin sun aiko fom, shafi goma sha ɗaya ga kowane baƙo. Me kake ci, me kake sha, wane irin matashin kai, me kake tsoro. Wai duk abin da ka rubuta shi za ka tarar, ba sai ka buɗe baki ba. An ce kowa ya cike nasa, amma ni na cike mata nata, don ta shigo ta ga komai yadda take so. Wa ya san 'ya kamar ubanta?

Da safe fanke da jam. Madarar cakulan mai zafi. Ba ta cin kifi, ba ta son yaji. Tana tsoron ruwa mai zurfi, tun ranar da ta faɗa daga gadar ma'aikata na tsamo ta da hannu ɗaya. Ko minti ashirin ban yi ba na gama. Na sa cukunmu mai ruwan ƙasa a akwati, ba na yarda da cukun kowa.

Asabar, 2 ga Nuwamba. Mahe.

Kai, zafi. Da aka buɗe ƙofar jirgin sama kamar an kifa mini tukunya. Amma da na ga jirginmu sai na manta da komai. Fari fat, katakon samansa an goge shi har ina ganin fuskata. Na shafa haɗin katakon da yatsa, aiki ne na ƙwarai, ko da yake ni da na ƙara matse shi kaɗan.

Akwai kwando a bakin tsani, nan kowa ke ajiye takalmi. Ƙafafuna rabonsu da rana tun ina saurayi, farare sol, Kyaftin Hoareau ya kalle su ya kawar da kai cikin ladabi. Shugabar masu hidima Madam Zialor ce, doguwa, ba ta dariya sai da dalili.

Eldrid ta iso da jaka ɗaya tak. Ta yanke gashinta, har da furfura a gefe. Furfura, a kan 'yata. Muka rungumi juna a gurguje. Aka kawo mini ruwan kwakwa, ita aka miƙa mata madarar cakulan tana turiri, cikin wannan rana. Ta kalli kofin, ta yi 'yar dariya, ta ce, "Rabona da wannan..." Ba ta ƙarasa ba. Na ce a raina, Torleif, ka ci wasan farko.

Lahadi, 3 ga Nuwamba.

Ruwan nan ba irin namu ba ne, ana hango yashin ƙasa da inuwar jirgi a kai. Kifaye masu fiffike suna ta tsalle a gabanmu. Kyaftin ya bar ni na riƙe sitiyari awa guda, na kusa yin waƙa.

Eldrid ta ci rabin fanke. Zafi ne.

Litinin, 4 ga Nuwamba. Curieuse.

Kunkurun tsibirin nan ya fi teburin girkina girma. Ɗaya ya miƙo wuya na sosa masa, ya lumshe ido sak Oddvar in ya ƙoshi. Eldrid ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɗauke mu hoto, ta ce, "Tsofaffi biyu, ɗaya ya fi ɗaya taurin kai." Wannan dariyar kaɗai ta isa a yi tafiyar dominta.

Da rana ta fito za ta shiga ruwa. Kafin ta kai tsani an tare ta da rigar ceto, an ɗaura igiya, matuƙi ɗaya ya tsaya a kanta. Ta ce ba ta buƙata. Suka ce ta yi haƙuri, umarnin kyaftin ne. Ta shiga, tana yawo a bakin jirgi kamar tulu, fuska a ɗaure. Ni kuwa har ina ɗaga mata babban yatsa.

Da yamma ni aka kawo mini gasasshen kifi da miyar kwakwa da barkono, ita curin nama da dankali. Kwana na uku ke nan. Ta ajiye cokali ta ce, "Madam, laifin me na yi ni kaɗai ba a ba ni kifi?" Madam Zialor ta ce, "Haka yake a fom ɗinki, ranki ya daɗe." Eldrid ta ce, "Wane fom?"

Na sa ido a faranti.

Talata, 5 ga Nuwamba.

Ta karanta shi duka, shafi goma sha ɗaya, a gabana, ba ta tsallake layi ba. Ina jiran faɗa, da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Baba, yarinyar nan shekararta goma. Ita ka gayyata, ni rakiya na yi."

Sauran a gutsure nake tuna shi. Kullum da safe tana iyo a teku a Tromso, har cikin Janairu, tsakiyar hunturu. Nutso aikinta ne, ƙarƙashin ruwa take ƙirga kifaye. Ni na ɗauka a ofis take zaune. Madara ba ta zama mata a ciki tun aikin tiyatar da aka yi mata shekara biyu da suka wuce, duk cakulan ɗin nan a teku take juye shi in na juya baya. Na ce wane aiki? Ta ce, "Ka gani?"

Na ce ai ba ta gaya mini ba. Ta ce ai ban tambaya ba. Jibi in mun isa Praslin za ta sauka ta kama jirgin gida. Wai ba fushi take ba, gajiya ta yi.

Rana ta faɗi ja wur a bayan duwatsu, ban taɓa ganin irinta ba, kuma haushinta na ji.

Laraba, 6 ga Nuwamba. La Digue.

Kyaftin ya ba ta haƙuri, ya fito da kayan nutso. Sai da ta cike wata 'yar takarda tukuna, ta bar ta a tebur, idona ya kai. Wanda za a kira in wani abu ya faru: Ingunn, maƙwabciya. Ina jin ita ta zauna da ita a asibiti.

Na tsaya a bakin jirgi ina kallo. Ta juya baya ta faɗa ruwa kamar an haife ta a ciki. Ina hango ta tana sauka, tana sauka, wata kififiya ta biyo ta suka jera. Na ji tsoro, amma wallahi alfahari ya fi tsoron yawa. Na kama hannun kuku da ya fito zubar da ɓawo na ce, "'Yata ce waccan." Ya ce ya sani.

Madam Zialor ta kawo mini kofi, ta tsaya. Ta ce, "Shekara ashirin ina karanta fom. Miji ya cike wa mata, uwa ta cike wa ɗa, daga rubutun nake ganewa." Na ce to me ya hana ta faɗa? Ta ce ba a ɗauke ta aikin gyara iyali ba. Har ta juya ta ƙara da cewa, "Amma ina da sababbi a aljihun tebur."

Alhamis, 7 ga Nuwamba. Praslin.

Jakarta tana bakin tsani, ƙaramin kwalekwale yana jira, injinsa a kunne. Ta ciro takalmanta daga kwando. Na fito da sabon fom da biro.

Na ce, "Baiwar Allah, sunanki?" Ta ce, "Baba, don Allah." Na ce tambaya ce a takarda, ba ni na ƙirƙira ba. Me kike sha da safe? Ta kalli takalman da ke hannunta. Can ta ce, "Kofi. Baƙi. Biyu." Na rubuta. Kifi? "Kowane iri, har kan kifin." Yaji? "Wanda zai sa ka kuka." Matashin kai? "Ba na sa matashi." Tun yaushe? Ta ce wannan ba ya cikin fom. Na ce na ƙara shi.

A shafi na uku ta zauna a kan jakarta. A na biyar na ji labarin asibitin, duka, ban katse ta ba. A na bakwai na ji wani Sindre da ta kusa aura, mutumin da ban taɓa jin sunansa ba. Ban san lokacin da aka kashe injin kwalekwalen ba. Shafin ƙarshe ta karɓi biro ta ce ita za ta cike da kanta, ta ninke ta miƙa wa Madam.

Takalman sun koma kwando.

Juma'a, 8 ga Nuwamba.

Ta ci kifi biyu da rabin nawa. Da rana ta gano maƙerin jirgi bai iya iyo ba sai irin na kare, ta sa aka ɗaura mini rigar ceto da igiya, tana daga sama tana ɗaga mini yatsa. Na ga kifi shuɗi, na ga mai ratsin ɗorawa, na sha ruwan gishiri ya kai kofi uku. Gobe zan ƙara.

Asabar, 9 ga Nuwamba. Mahe.

Muna haɗa kaya Madam Zialor ta miƙo mini fom ɗin, wai akwai lambar waya da ba ta gane ba a shafin ƙarshe, ko zan duba. Wanda za a kira in wani abu ya faru: Baba. A ƙasa lambar ofishin ma'aikata, wadda aka yanke tun bara. Lambar da ta haddace ke nan tun tana 'yar shekara tara, don can kaɗai ake samuna.

Na daɗe a zaune. Iskar teku tana sa ido ruwa, kowa ya sani.

Na je na same ta na ce lambar nan ta mutu. Ta ce, "Ashe? To ba ni mai rai." Na karanto mata, ta rubuta a bayan hannunta. Ta ce in zan zo Tromso a Janairu in taho da tawul.

Ba zan shiga wannan ruwan ba. Na dai tambayi kyaftin ko ana sayar da rigar ceton.