Zoben Da Ba Zan Cire Ba

Zuwa ga Lowell Brandvold, sanyin idona, murhun da nake jin ɗuminsa ranar da ƙanƙara ta rufe ƙofa, dogon itacen bakin tafki wanda guguwa ta lanƙwasa amma ta kasa karyawa. Gaisuwar da ta fi ruwan tafkinmu na Duluth yawa, daga taka Ardis.

Ƙanwarka Norma ta zo mini da saƙonka daga asibiti, tana magana tana share hawaye. Wai tunda ɓarin jikinka ya shanye, hannun da kake rubutu da shi ya mutu, in cire zoben alkawarinmu, kada in ƙare rayuwata ina jinyar rabin mutum. Rabin mutum? Kai ne da bakinka ka faɗi haka, masoyina?

Duk Amurka ta san Lowell marubuci. An karanta littattafanka a jirgin ƙasa da ɗakunan makaranta, an juya su zuwa harsunan da ni da kai ba ma ji. Ni ma na karanta su har bangonsu ya ɓare. Amma wanda na ba zuciyata shi ne saurayin nan da ya tafi yaƙi a tsibiran teku bai ɗauki bindiga ba, ya zaɓi ɗaukar masu rauni. Wasu na gudu daga wuta, kai kana rarrafe cikin taɓo kana nufarta, domin ka ji wani ɗan mutane yana kiran uwarsa. Can ka baro jin kunnenka na hagu, kuma ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, sai dai ka ce Allah ya hutar da kai rabin surutun duniya.

Ka tuna walimar coci ta bara, a bakin tafki, muna soya kifi? Wata tsohuwar mota ta tsaya, wani ƙaton manomi mai ƙafar katako ya fito da jikokinsa. Dewey ne, wanda ka goyo a bayanka daga fagen fama, ya tuƙo tun daga Dakota don yaran su gan ka. Ya nuna ka da sanda ya ce, "Yara, ga jakin da ya ɗauko kakanku." Ka dube shi sama da ƙasa ka ce, "Da na san irin tumbin da za ka ajiye, da can na bar ka." Kuka rungume juna kuna dariya har ta koma kuka. Ina tsaye da faranti a hannu, kifi yana ƙonewa a bayana, na san na gama neman miji.

Daga baya ka gaya mini cewa ranar da aka yanke wa Dewey ƙafa ya roƙe ka ka rubuta wa budurwarsa ta manta da shi. Ka ƙi. Ka zauna bakin gadonsa kana masa faɗa har ya haƙura. Waɗannan jikokin, ashe, daga taurin kanka suka fito. To, abin da ka hana Dewey, shi za ka yi mini? Ruwan da ka shayar da wani, ni za ka hana ni kurɓa?

Ya kai hasken safiyata, gidan nan ya yi mini faɗi. Dinyoyin daji sun wuce kudu suna kuka, ganyaye sun yi ja sun zube, kujerarka tana nan bakin taga babu kowa. Ina kewar muryarka, ina kewar yadda kake juyo mini da kunnen dama kamar duk abin da zan faɗa yana da daraja.

Labaran da ke kanka ba su shanye ba. Na ɗaure keken rubutuna, zan hau jirgin Asabar. Kai ka faɗa, ni in buga, ko kalma ɗaya ce a wuni. Na kuma yi magana da Fasto Engstrom, ya yarda ya ɗaura mana aure a can bakin gadonka. Abu ɗaya ya rage, kuma bai fi ƙarfinka ba: ka ce mini e da ɓarin bakin da ke motsi.

Taka a lafiya, taka a ciwo, har ranar da za a haƙa mana ƙasa kusa da juna,
Ardis Kolstad