Matar Ƙanena Ta Hana Inna Tuwo, Yanzu Ita Ake Sa wa Albarka

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, magana ce da ko aminiyata na kasa faɗa wa.

Ni ce babba a ɗakinmu, a Haɗeja muke. Tun da mijina ya rasu na dawo gida nake jinyar mahaifiyarmu, Inna, da ciwon mantuwa ya kama, ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ta idar da sallah ta sake tayarwa, wata rana har bakin kogi aka tsinto ta wai za ta kai wa Baba abinci gonar shinkafa, Baban da ya daɗe da rasuwa. Wanka, wanki, lallashi, duk ni ce.

Bara ƙanena ya dawo gida da matarsa daga Kano. Ba ta daɗe ba ta ce ta gani a waya wai tuwo da shinkafa da suga suna ƙara raunana ƙwaƙwalwar tsofaffi, a koma ba Inna kifi da ƙwai da man shanu da kwaɗon zogale. Na ce matar da ta tsufa a kan tuwon shinkafa za a hana? Har muka yi cacar baki da ƙanena, ya ce in bari a gwada. Likita ya ce rage tuwon zai taimaka tunda tana da ciwon suga, amma batun mantuwa shi ba zai yi mana alkawari ba.

Tsakani da Allah Inna ta ɗan warware, ta rage barcin rana, tana taɓa hira. Shi ke nan dangi suka ɗauki yabon matar ƙanena. Goggonmu ta zo daga Kafin Hausa, ta riƙe hannun yarinyar nan tana cewa Allah ya kawo wa gidan nan haske, ni kuwa ina tsugune ina wanke zanin da Inna ta ɓata. Abin da ya fi ci min rai, Inna ta riƙe sunanta, ni kuma ran Juma'a ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce?" Ga shi yarinyar ba ta taɓa yi min rashin kunya ba, Yaya take ce min, amma ko sallamarta na ji sai ƙirjina ya yi zafi.

Yanzu da zarar yarinyar ta fita unguwa, Inna za ta kama gefen zanina tana roƙon in tuƙa mata tuwo ko loma biyu ne. Jiya har na ɗora tukunya na jiƙa shinkafa, sai na sauke, don na kasa gane ko tausayin uwata ne yake tura ni, ko so nake ta ci ta koma gidan jiya a daina yabon wata.

'Yan uwa ya zan yi? In ba ta tuwon, in haɗiye in yi shiru, ko in zaunar da yarinyar in faɗa mata abin da ke raina? Kuma wanda uwarsa ta taɓa manta shi ta tuna bare, don Allah ya gaya min yadda ya yi da zuciyarsa.