Ramar Ɗakin Baya

Talata, 1 ga Yuli, 2025

Almakashina na ɗinki ya sake ɓata, karo na uku. Na tsince shi a kan tagar ɗakin baya, bakinsa duk danƙo, ga wani wari mai hawa kai. Na yanka atamfar mutane da shi, ya bar mata tabo. Tir! Almustapha ya ce shi bai gani ba. Mu uku ne a gidan nan, ni da ƙanen nawa da Inna, kuma Inna ko zare ba ta iya zurawa a allura saboda yanar ido. To aljani ne ya ɗauka?

Alhamis, 3 ga Yuli

Wata biyu ke nan ɗakin baya na kulle. Wai 'yan tsaki yake kiwo, har da sola a kan rufi. Kajin da ba su kuka, ba su kashi.

Asabar, 5 ga Yuli

Ya manta makulli a jikin ƙofa, na tura.

Innalillahi. Bokitan fenti jere cike da ƙasa, fitila fara tas a sama, fanka na juyawa. Shuke-shuke har ƙirjina, kawunansu duk gashi-gashi kamar tsutsa. Wiwi! A gidan da Inna ke sallah. Shi kuwa yana zaune kan kujerar tsugunonta da almakashina, yana tsinke ganye ɗaya-ɗaya a hankali, sai ka ce mai kitso.

“Yaya, rufe ƙofar,” abin da ya fara ce min ke nan. Wai sun fara fure, ganyen da ke tare musu haske yake ragewa. Da irin muryar da yake min bayanin tumatirin fadamar Baba a da ya faɗe shi. Na fita na tofar da yawu, na wanke almakashin da toka sau uku, warin bai fita ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Ban ci tuwo ba. Ban san da me aka sayo masarar ba.

Talata, 8 ga Yuli

Na tsare shi a zaure: wa ke saye? Wani Hamma ne daga wajen Safana, yana zuwa a babur. Shi kuma wa yake kai wa? Ai na sani. Daji yake kai wa. Mutanen da suka harbe Baba a gona, suka kore mu daga ƙauyenmu na ƙasar Ruma, su ƙanena ke yi wa noma. Su sha, idonsu ya rufe, su je su harbe uban wani.

Na ce masa daga yau ba ni da ƙane. Ya ce, “Shekara biyu hannuna bai taɓa ƙasa ba, Yaya. Me kike so in noma a gidan haya, siminti?”

Na ji ƙyamarsa har cikin raina. Kuma ina tsoro. Da rani 'yan sa-kai suka tafi da wani mutum kan zargin yana kai wa daji burodi. Burodi fa. Har yau matarsa na jira.

Alhamis, 10 ga Yuli

Dole sai na rubuta wannan.

Na tafi kasuwa sayen zare. Ashe sakaran ya yi wa shuke-shukensa aski mai yawa da safe, ya tara ganyen a roba, ya ajiye bayan randa wai zai binne in ya dawo. Inna ta lallaɓa ɗiban ruwa, ta shafa, ta ji ganye mai yatsu-yatsu. Rama! Shekara biyu tana zancen ramar bayan gidanmu na ƙauye. Mura ta toshe mata hanci, ga shi tana azumin Alhamis, balle ta ɗanɗana. Ta dafa, ta tace, ta daka ƙuli-ƙuli, ta sa albasa da yaji.

Na shigo na tarar da ita tana murna. “Ke 'yar nan, yaron ga ya samo muna rama! Na yi wa ubanku sadaka.”

Kwano guda ta miƙa wa Ramlat ta kan katanga. Ramlat matar Malam Yusha'u, mai koyarwa a Islamiyyar unguwa, wanda ƙanensa ke cikin 'yan sa-kai. Sadakar Baba da wiwi. Wayyo Allah, wannan ƙazanta da me ta yi kama?

Na ƙwace sauran kafin a kira magariba, na ce ƙadangare ya faɗa ciki. Inna ta sha ruwa da kunu kawai, tana ta jimamin ƙulinta.

Juma'a, 11 ga Yuli

Duk babur ɗin da ya tsaya a layi sai na leƙa ta kafar ƙofa. Almustapha bai je masallaci ba, yana kwance a zaure ya rufe fuska da hula. Jarumin daji ke nan. Na so in tofa masa yawu, na kuma so in ɓoye shi ƙarƙashin gado. Ban yi ko ɗaya ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Ramlat ta dawo da kwano da hantsi. Ta gaida Inna a tsanake, ya jiki, ya mura, ya damina, ta ce Allah ya kai lada kabarin Baba. Sannan ta ja ni gefen murhu. Ba a mayar da kwano haka nan, na sani, amma da na buɗe sai na ga ƙullin leda. Irin rama ne, na gaskiya, baƙi-baƙi.

“Malam ya ce cokali ɗaya ya kai baki ya ajiye,” ta ce, ba ta kalle ni ba. “Ya ce waccan ramar ba ta karɓi gidanku ba, a gwada wannan. Ya ce ƙanensa na zuwa cin abinci gobe Lahadi, kuma yana da hanci.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ko zagi ba su yi mana ba, shi ya fi min ciwo.

Lahadi, 13 ga Yuli

Bayan sallar asuba na shiga da almakashina. Ban tsinke ɗaya-ɗaya ba, daga gindi na bi su. Yana tsaye bakin ƙofa, bai hana ni ba, ya ce dai, “Saura sati uku fa, Yaya.” Na ce saura sati uku a sa ka a makara.

Ƙonawa za ta tona mu, don haka masai na zuba su, bokiti-bokiti. Hannuna ya yi ta danƙo har la'asar. Ko sabulun wanki ya kasa.

Talata, 15 ga Yuli

Hamma ya zo. Ni na fita, na ce kajin sun mutu duka, kuma maƙwabcinmu na tambayar mai jan babur. Bai ko kashe injin ba.

Almustapha ba ya min magana. Huta roro, kunnena ya sarara. Na fito da bokitan tsakar gida, na watsa irin Ramlat a ciki, don dai kada ƙasar ta tafi a banza.

Litinin, 21 ga Yuli

Ta tsiro. Kwana uku ba a yi ruwa ba, ni kuma ban ba ta ba, amma kullum da safe ƙasar a jiƙe take. Yau na ga an rage inda ta yi cunkoso, an bar tazara daidai yadda Baba ke yi. Inna ta shafa da tafin hannu ta ce, “Wanga aikin ɗan gida ne.”

Na zuba masa tuwo na rufe, na sa masa ɓangaren kifin da ya fi tsoka. Don kada ya lalace ne kawai. Almakashin kuma na manta shi a kan taga.