Takarduna Suna Ofishinku, Ni Ina Hanyar Dauran

Zuwa ga Baba Rabaran, Shugaban Kwamitin da ya aiko ni aikin bishara Najeriya.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da Mama da dukan dattawan ikilisiya. Ni ne ɗanku Ishaku, ma'aikacin jinya daga ƙasar Maraɗi, wanda kuka ɗora wa hannu kuka aiko Ƙauran Namoda tare da matata Rifkatu, damina uku ke nan. Sau uku ina ba direbobin da ke zuwa gida wasiƙa a rufe su kawo ofishinku, ban ga amsa ba. Shi ya sa na rubuta wannan a buɗe, don 'yan ikilisiya ma su karanta. Ka gafarce ni, Baba, tsoro ne ya kai ni ga haka.

Akwai wahalar da na karɓa hannu biyu, ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ɗakinmu yana yoyo, da an haɗa hadari Rifkatu take jera kwanoni. Kunama ta harbe ni a cikin takalmi ina shirin fita sujada, na yi wa'azin ranar da ƙafa ɗaya a kan benci. Na taɓa faɗawa rafi a hanyar Birnin Tsaba, mata masu wanki suka riƙa tsamo mini bandeji suna dariya. Duk wannan mu ma dariya muke yi masa. Abin da ke tafe kuwa ba na dariya ba ne.

Na ɗaya, takarduna. Bayan girbin bara magatakardan kwamiti ya kawo mana ziyara. Ya karɓi fasfona da takardar izinin zama da shaidar aikin jinya, ya ce za a sabunta su a dawo da su cikin mako biyu. Yanzu ga gero ya sake nuna. Ba ni da ko gutsuren takarda da zai nuna ko ni wane ne. Tsakanin Ƙaura da Zurmi shingaye ne barkatai, kowane na hango sai in fara addu'a.

Na biyu, babur. Magatakardan ne dai ya kawo mini shi, kyautar ikilisiya, ina kuma gode wa duk wanda ya sa hannu. Sai dai da an tambaye ni, da na ce kada a sayo irinsa. Irin wanda 'yan bindiga ke hawa ne sak, har launi. Sau da yawa in na doso ƙauye sai in ga mutane sun watsar da fartanya sun faɗa cikin dawa.

Na uku, abin da ya same ni mako biyu da suka wuce. Na tashi da safe zan je wanke wa wani dattijo makiyayi gyambon ƙafa a wata ruga bayan Dauran. Na ɗaura akwatin magani a baya, da ƙaramar jarkar mai, don can babu inda ake sayarwa. Kafin in shiga gari 'yan sa-kai suka tare ni. Suka buɗe akwatin, suka ga allurai da bandeji da ruwan wanke rauni. Suka duba wayata, suka ga layin Nijar. Babbansu ya nuna jarkar ya tambayi abin da ke ciki. Don ruɗewa sai harshen gida ya kuɓuce mini, maimakon in ce fetur na ce isansi. Ya juya wajen mutanensa ya ce, "Wanga ba ɗan ƙasa ba ne. Shi ka kai musu magani daji."

Baba, a nan wanda aka ce yana kai wa 'yan bindiga magani da mai ba kullum yake kaiwa gaban alƙali ba. Suka ce in kawo takarda. Na ce tana ofishin shugabannina a wata ƙasa. Ni kaina da na ji maganar a kunnena na san ta yi kama da ƙarya. Suka cire mini takalma, suka ɗaure hannuwana ta baya da igiyar akwatin, suka zaunar da ni cikin rana a bakin hanya. Wani a cikinsu ya tsaya a kaina da bindiga, yana faɗa mini sunan wansa da aka kashe a gona. Na so in yi Addu'ar Ubangiji, wadda na iya tun ina ɗan shekara biyar. Na ce "Ubanmu wanda ke cikin Sama," sauran ya ɓace mini ƙaf. Fitsari ya kuɓuce mini a gabansu. Na rubuta wannan don ku sani, ko da yake kunyarsa ba ta sake ni ba.

Allah ya kawo wata motar 'yan kasuwa. A cikinta akwai Inna Hajo, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda na yi wata guda ina yi wa jinyar ƙunar wuta a hannu. Ta sauko, ta naɗe hannun rigarta, ta nuna musu tabon, ta ce, "Ku dubi nan! Wanga likita ne, Kirista ne, gidan Malam Sanda yake haya a Ƙaura. In kun taɓa shi Allah ya isa." Motar ta gaji da jira ta tafi da kayanta, ita ta zauna kusa da ni a ƙasa. Aka kira Malam Sanda, mai gidan da muke ciki. Ya bar gonarsa ya zo, ya tsaya mini da sunansa da na mahaifinsa. Sai bayan la'asar aka kwance ni. Ba na riƙe da mutanen nan a zuciya, sun binne 'yan'uwansu da yawa. Amma da takarduna suna aljihuna, da gaisawa kawai za mu yi in wuce.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi hana ni sakewa. A waccan ziyara magatakarda ya ɗauke ni hoto a ƙofar gida tare da Malam Sanda. Ashe an sa hoton a shafin kwamiti na intanet, da sunan unguwarmu, an rubuta cewa ni jarumi ne da ke aiki a cikin mutanen duhu da taimakon abokai na ƙasashen Turawa. Wani a unguwa ya gani, ya fassara wa jama'a. Yanzu ana cewa akwai Turawa a bayana. Baba, ka san abin da wannan magana ke jawowa in ta kai kunnen masu satar mutane. Shi kuwa Malam Sanda, da yake mayar da ni gida ranar da aka kwance ni, da muka kai ƙofa sai ya tsaya. Sannan ya ce, "Malam Ishaku, ashe mu ne mutanen duhu?" Na rasa inda zan sa fuskata. Mutumin da matarsa ke aiko mana da tuwo duk ranar salla ke nan.

Ga roƙona. A cire hoton nan yau, a kuma rubuto wa Malam Sanda takardar ban haƙuri da sa hannunka. A dawo mini da takarduna, ko an sabunta ko ba a sabunta ba. A ba ni izini in sauya babur ɗin da wani iri. In kuma kwamiti ya ga ba zai iya ba, a faɗa mini a fili, in san ko zan mayar da matata gida. Ban ce zan bar aikin ba. Wanda ya kira ni bai sallame ni ba tukuna.

Tun daga ranar da aka ɗaure ni, Rifkatu ba ta ce mini kada in fita ba. Amma jiya da na ɗauko rigata daga igiyar shanya, na tarar ta ɗinke sunana da sunan garinmu da baƙin zare a cikin wuyan rigar. Na duba sauran rigunan, duk haka ta yi musu. Ban tambaye ta dalili ba, na san don a gane ni ne in ajali ya same ni a hanya. Jibi zan sa ɗaya in tafi Gurbin Bore, akwai masu zazzaɓi da ke jirana.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya da hikima, ya tsare ka da iyalinka, ya ba kwamiti zuciyar tunawa da waɗanda ya aika. Ku sa mu a addu'a, mu da maƙwabtanmu baki ɗaya.

Wassalam, cikin salamar Almasihu.

Ɗanka,
Ishaku, ma'aikacin jinya,
Ƙauran Namoda.