Wayar da Ta Zo Ba Caja

Kwarbai, Zariya.

Zuwa ga 'yata Munira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinki, ya jinjirin, ya maigidanki Muntasir? Allah ya raya mana.

Wayar da kika aiko don in ga jikana ranar suna ta iso, amma babu caja a kwalin, tsohuwar cajata kuma bakinta bai shiga ba. Wayar ta mutu tun jiya, shi ya sa na ba direban Fatakwal wannan takarda.

Takaici ya kai ni Wusasa wurin Harold, abokina tun makarantar kiwon lafiya, wanda rabona da gidansa tun rasuwar mahaifiyarki. Wai shi a ganinsa kamfanin wayar yana rage shara ne, tunda kowa na da caja a gida. Na ce masa na yi aikin duba-gari har na tsufa ba wanda ya ce min sannu, na san mai tausayin ƙasa, na san mai tausayin aljihunsa. In don shara ne, me ya sa suke sayar da cajar daban, cikin wani kwalin da wata ledar? Ba zan saya ba, kin san halina. In ban ga yaron ba, alhakin na wuyansu.

Mahaifinki,
Bahago.

Kwarbai, Zariya.

Munira,

Ina fata kun tashi lafiya, ke da yaron.

Harold ya biyo ni har unguwa, ya tona min asiri a majalisar ƙofar masallaci cewa ba ni da caja. Kafin la'asar gida-gida ake ta aiko min da caja, daga ƙarƙashin gado, daga cikin kwallar mata, har faifai ya cika. Irinsu ne ake ƙonawa a bayan ganuwa wajen Ƙofar Kuyambana don a cire jan ƙarfe, hayaƙin da na yi shekaru ina kai ƙara ba a saurare ni ba.

Har yanzu na ce kamfanin riba yake nema. Amma cajojin da gaske suna nan jibge. Na ajiye faifan a zaure, mai buƙata ya ɗauka, mai rara ya kawo. Zauren da na rufe tun rasuwar mahaifiyarki yanzu ba ya rabo da sallama.

Cajar Hajiya Sailuba maƙwabciyarmu ce ta yi daidai. Waya ta kama. Ranar suna ki kira bayan asuba, ki matso da yaron sosai. Harold zai zo, ya dage wai yaron ba zai ɗauko fushina ba, ni kuma so nake in duba da idona.

Ki gaida Muntasir.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Bahago.