Ni Na Sa Hannu Aka Sallami Mahaifiyata

Goggo Laraba, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina. Ni malamar firamare ce a Kalgo. Mahaifiyata, da muke kira Inno, tana zaune a rugarmu kusa da Masama tare da yayana Sambo tun rasuwar mahaifinmu.

Da daminar bana ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa a hanyar kai nono kasuwar Gwandu. Ta cire, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da harkokinta. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta kumbura har gwiwa, ga zazzaɓi, tana ta sambatu. Muka kai ta asibiti. Likita ya ce cutar ta fara shiga jini, aka sa mata roba a bayan hannu, ana yi mata allura ta jijiya sau huɗu a rana. Ya ce sai ta yi kwana goma.

A rana ta huɗu zazzaɓi ya sauka, ta sha fura, har ta yi wa nas tsiya. Daga nan ta ce gida za ta. Goggo, matar nan ba ta taɓa kwana a ɗakin siminti ba. Ta riƙe hannuna tana kuka, wai kada in bari ta mutu a cikin baƙi. Yaya Sambo ya ce ai ta warke, kuma akwai mai allura da ke yawo a keke, shi zai ƙarasa. Likita ya ƙi, ya ce in mun dage sai wani ya sa hannu a takarda. Ni kaɗai na iya rubutu. Na san ba daidai ba ne, amma na sa.

Mai keken ya yi mata allura biyu a ɗuwawu, daga wata kwalba da ba ko rubutu a jikinta. Bayan kwana takwas ƙafar ta yi baƙi. Yanzu muna asibitin kuma, an yanke mata yatsun ƙafa biyu, an koma allurar daga farko.

Yaya Sambo ya ce allurar asibiti ce jininta ya ƙi, yana so a mayar da ita gida a yi na gargajiya. Na ce ban yarda ba, ya ce boko ya sa na raina shi. Yau kwana biyar ba ya amsa gaisuwata. Inno kuwa ba ta ga laifin kowa ba, wannan ma ya fi ci mini rai. In na kalli ƙafar sai in ga kamar ni na yanke. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Nadama, Kalgo

'Yata Mai Nadama,

Sannu da jinya, Allah ya ba Inno lafiya. Sa hannun nan kuskure ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma kukan uwa ya sa ki, ba sakaci ba. Ki roƙi Allah gafara, ki share hawaye, don akwai aiki a gabanki.

Na tambayi wani likita. Ya ce saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce. Allurar takan fara rage ƙarfin ƙwayoyin cutar, in aka tsaya a tsakiya sai sauran su farfaɗo. Irin wannan ciwo yana son magani a jijiya, a kan lokaci, da allura mai tsabta, abin da mai keke ba zai iya ba. Don haka kada ki sake sa hannu, ko wa ya ce.

Sambo ba mugu ba ne. Ya ga an kai uwarsa da yatsu goma, yanzu saura takwas, tsoro yake ji, wataƙila ma nadamarsa ta fi taki. Kada ki yi masa gardama a gaban mutane. Ki nemo kawunku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ku je wurin likita tare, a yi masa bayani da bakin da yake ji, ko da Fillanci ne. Addu'a kuwa a yi ta yi, ba ta hana allura, amma kada a shafa komai a kan ciwon.

Ki kuma duba abin da ya kori Inno tun farko: kewa. Ki ɗauko wata 'yar'uwarta daga ruga ta zauna da ita. Kullum da safe ki gaya mata kwana nawa ya rage.

Ki ci gaba da gaida yayanki ko bai amsa ba. Zai amsa. Allah ya sa Inno ta koma gida da ƙafarta, ku biyu kuna riƙe da ita.

Goggo Laraba